Ranar da Muntaka Ya Kai Garmaho Gona

Muntaka ɗan Malam Sama'ilu, na wani ƙauye da ke bayan Zakirai, da fushinsa aka haife shi. Tsofaffin gidansu sun rantse ranar suna da wanzami ya ɗora masa aska bai yi kuka ba, harararsa ya yi har mutumin ya nemi afuwa. Yana da shekara goma sha bakwai ya yi faɗa da jakin babansa, aka ba jaki gaskiya, shi kuwa ya ɗaure 'yan tsummokaransa ya nufi Kano a ƙasa.

A Sabon Gari ya samu aiki, shagon wani mai sayar da rediyo da faifan garmaho. Shekara bakwai yana shara, yana goge faifai da tsumma mai laushi, yana sa wa masu saye su ɗanɗana. A nan kiɗan baƙaƙen Amurka ya kama shi, wanda 'yan birni ke kira sol da fank. Turancinsa bai cika cokali ba, don haka bai taɓa sanin sunan faifai ko ɗaya ba. Da hoton kwali yake gane su, shi ya raɗa wa kowanne suna. Akwai 'Yan Huɗu, masu suma kamar an kifa musu kwando, waɗanda muryoyinsu ke hawa kan juna ba a jin mahaɗa. Akwai Gwaggo, wata mata mai manyan 'yan kunne, ya ce duk da bai san me take faɗa ba ya san faɗa take yi, kuma ita ce mai gaskiya. Akwai Maraya, mai sanyin murya, wanda ba ya sa shi sai in ba kowa a kusa. Sai kuma sarkinsu, Mai Gumi: wani ƙato durƙushe a jikin kwali, gumi na zuba kamar an tsamo shi daga rijiya. Muntaka yakan ce in aka sa Mai Gumi a asibiti, kafin a juya faifan an sallami rabin marasa lafiya.

"Ku bar sauraron ihun," haka yake ce wa mutane. "Ku ji na ƙasa. Akwai wata jita mai ƙaton wuya da ke tafiya a ƙarƙashi, ita ke ɗauke da kowa. Wanda bai ji ta ba, bai ji komai ba."

Sai fari ya zo, shekara biyu a jere. A ta biyun Malam Sama'ilu ya rasu, ya bar rumbu uku wayam da gona wadda in ka tsaya a bakinta sai ka kare ido da hannu kafin ka hango ƙarshenta. Muntaka ne kaɗai namiji, dole ya dawo. Ya sauka daga mota da matarsa Sauda da wani akwatin ƙarfe mai nauyi, dangi suka yi ta rige-rigen ɗauka, kowa na jin ƙanshin shinkafa a ransa. Aka buɗe. Garmaho mai batir, da faifai goma sha ɗaya, kowanne naɗe a zane kamar jariri. Wata tsohuwa ta ɗaga ɗaya ta shinshina, ta tambaya ko ana jiƙa shi ne kafin a dafa.

A satin nan ya ɓata da Baba Iliyasu. Baba Iliyasu shi ne makaɗin noman garin, gangarsa ta kakansa ce ya gada, babu manomin da tsohon bai san takensa ba, da na ubansa. Muntaka ya fito da garmaho gindin ɗorawar bakin kasuwa ya sa Mai Gumi, samari suka kewaye. Tsohon ya tsaya ya saurara har ƙarshe, kansa a karkace.

"Hannunsa na da kyau," in ji shi. "To amma wa yake kaɗa wa?"

"Duk duniya, Baba."

"Au, ashe bai san kowa ba."

Aka yi dariya. Muntaka ya ji jini ya hau masa ka. Ya ce, a gaban kowa, ai gara wanda bai san kowa ba da wanda gangarsa ke ƙara kamar akuya na tunkuyar ƙofar kwano. Baba Iliyasu ya gyara hularsa ya wuce.

Ruwa ya sauka a damina ta uku. Muntaka ya shuka ɗan irin geron da ƙanwar uwarsa ta ɓoye masa a tulu, gero ya fito kyakkyawa, ciyawa ta fito ta fi shi kyau. Hannun da ya shekara bakwai yana shafa faifai ya kama fartanya kwana huɗu, ya kumbura kamar an dafa. Yana noma kunya ɗaya, harkiya na cinye goma a bayansa, har yakan ce yana jin motsinta. Duk wanda ya leƙa gonar magana ɗaya yake yi: in aka ƙara mako guda ba a nome ta ba, geron ya tafi, kuma babu wani irin a ko'ina.

Abin da ya rage shi ne gayya. Amma gayya da fura ake kiranta, gidan kuwa kwaɗon tafasa ake ci safe da yamma. In babu fura, to sai ganga, don akwai mazan da ko da yunwa sai su fito in sun san za a kira sunansu a gaban jama'a.

"Malam, ka je ka ba Baba Iliya haƙuri," in ji Sauda. "Kalma biyu ce."

"Ni? In durƙusa wa mai akuya?"

"Ka durƙusa wa ciyawa kwana huɗu, me ta ba ka?"

"Ina da makaɗin da ya fi shi sau dubu a cikin akwatin nan."

"To Allah ya sa ya iya kiran sunan Jaji."

Jaji maƙwabcinsu ne, Babarbaren da kakanninsa suka zauna garin tun kafin a haƙa rijiyar masallaci, kuma shi ne in ya duƙa sauran samari ke duƙawa. Muntaka ya same shi ya ce ranar Laraba za a yi gayyar da ba a taɓa yi ba tun daga nan har Makka. Ya shanya batir shida a kan danga kwana biyu don su sha rana su yi ƙarfi. Sauda ta tattara dusar da ta rage ta dama kunu, mai ruwan da in ka leƙa kana ganin fuskarka har da gindin ƙwarya.

Laraba da sassafe maza wajen talatin suka zo, rabinsu don su ga yadda akwati zai yi noma. Muntaka ya kifa turmi a bakin gona, ya ɗora garmaho, ya goge Mai Gumi da gefen rigarsa, ya sauke allura. Ganga ta buga, ƙahoni suka tsaga, ƙaton ya kurma ihunsa. Gaskiya a faɗe ta, farkon abin ya yi kyau. Maza suka duƙa, fartanyu na sauka tare, ƙasa na tashi. Muntaka ya tsaya da hannu a ƙugu yana kallon gari, yana fatan wani ya kai wa Baba Iliyasu labari.

Sai dai garmaho ba ya tafiya. Makaɗi yana bin manoma ne kunya-kunya, yana tsaye a kan wanda ya gaji har sai ya ji kunya ya sake duƙawa. Akwati kuwa yana nan kan turmi. Da aka yi taku arba'in kiɗan ya zama kamar kukan sauro, sai maza suka fara karkatowa baya don su ji. Kafin hantsi sun nome wani fili zagayayye a gindin turmin, fes kamar masussuka, sun nome shi sau uku har da geron da ke ciki, sauran gonar kuwa tana nan kore shar.

"Ku yi gaba mana," Muntaka ya daka tsawa. "Gonar a can take."

"Kiɗan a nan yake," in ji Jaji.

Muntaka ya rungumi garmahon ya bi su da shi a ƙirji. Duk taku allura sai ta yi tsalle, ƙaton ya maimaita ihu ɗaya sau bakwai kamar an taka masa ƙafa. Ya ajiye a tsakiyar gona inda babu inuwa ko ta kara. Rana ta ɗaga. Bai lura ba sai da murya ta fara kasala, ƙahonin suka koma kukan saniya mai naƙuda. Ya duba, ya ga Mai Gumi ya lanƙwashe, gefe ya tashi gefe ya kwanta, kamar gurasar da aka manta a tanderu. Ya ɗaga shi, faifan ya yi laushi a hannunsa.

Babu wanda ya yi ƙoƙarin ɓoye dariya. Maza suka fara saɓa fartanyu a kafaɗa, wani na tambayar ina kunun, a sha a tafi. Muntaka na tsaye da baƙin abu a hannu, yana kallon geron ubansa a cikin ciyawa.

Daga gindin gawon da ke kan iyaka sai aka ji ganga. Baba Iliyasu ne, wai hanya ce ta biyo da shi, da ganga a rataye, zuwa wani wuri da har yau bai faɗa ba. Abin da ya kaɗa kuwa shi ya tsayar da kowa: kiɗan Mai Gumi ne, sak, har da tafiyar nan ta ƙasa da Muntaka ke cewa ba kowa ke jin ta ba. Sau ɗaya ya ji shi a bakin kasuwa. Ya shigo gonar yana kaɗawa, ya buɗe baki:

"Ɗan Sama'ilu ya je birni,
ya dawo da murfin tukunya,
tukunyar fa, ina tukunyar?"

Maza talatin suka amsa, "Ina tukunyar?" Tsohon ya juya kan Jaji ya kira shi da takensa, ya kira ubansa da kakansa da wata gona da kakan ya nome shi kaɗai a yini guda. Jaji ya tofa yawu a tafi ya duƙa. Aka kira na biyu, aka kira na uku. Tsakanin kowane suna sai a koma kan ɗan Sama'ilu: hannunsa mai laushi, batir ɗinsa da ke kan danga, kunun matarsa da kifi zai iya rayuwa a ciki.

Muntaka ya ajiye faifan ya nufi tsohon, fartanya a hannu, idonsa a kan fatar gangar. Jaji ya tare shi da kafaɗa ba tare da ya miƙe ba.

"Fasa ta," in ji shi a hankali. "Sai ku ci harkiya kai da Sauda har baɗi."

Muntaka ya tsaya. Ya dubi bayan layin, inda gero ya fara fitowa fili, layi-layi, yana kaɗawa. Ya kama kunyar da ke kusa da shi ya duƙa, kuma duk wanda ya ga noman da ya yi ran nan ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Yana sara kamar kowace ciyawa Baba Iliyasu ce. Kumburin hannunsa ya fashe bai sani ba. Ya wuce Jaji, ya wuce kowa, tsohon na biye da shi taku-taku yana zuba masa zambo a ƙeya, shi kuma ƙafarsa, don rashin kunya irin na ƙafa, tana bin kiɗan. Kafin la'asar an fita ƙarshen gonar. Bai yi wa kowa godiya ba. Ya shiga gida ya tarar da Sauda na daka, taɓarya na sauka daidai kan "ina tukunyar".

Gero ya yi a shekarar, ya cika rumbu biyu da rabi. Da kaka Sauda ta tuna masa cewa makaɗin gayya dami guda ake kai masa, haka aka saba. Muntaka ya ce ko zangarniya ɗaya ba zai bayar ba. Ya faɗa da safe, ya faɗa da rana. Da yamma ya shiga rumbu yana masifa, ya ture ƙananan, ya zaɓo damin da ya fi kowanne girma, wai kada tsohon ya samu abin sa wa a waƙa. Ya ɗauka a ka har ƙofar gidan Baba Iliyasu, ya jefar tim, ba sallama.

Tsohon ya leƙo daga zaure, ya dubi damin, ya dubi Muntaka.

"Madalla, ɗan Sama'ilu. Sauran faifai goman fa, yaushe za ka sa mini in ji?"

"Ranar da na mutu," in ji Muntaka, ya juya ya kama hanyar gida.