Wa Zai Duba Mini Mujallar, Baban Laburare?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga wannan wata, da hantsi, aka bugo mini waya cewa Allah ya yi maka rasuwa, Baban Laburare. Na ce ina, ai jiya-jiya na bar ka a teburinka kana goge tabarau da gefen riga. Har yau kaina bai gama ɗauka ba.

Mu ɗaliban da ke nazarin ƙasa ta hotunan tauraron ɗan'adam, daga sama muna iya gane gonar da fari ya taɓa, amma mujallar ƙwarai da ta bogi duk ɗaya suke a idonmu. Kai kuwa kyan bango da dogon suna ba sa ruɗa ka. Sai ka buɗe jerin editoci, ka zaɓi ɗaya, ka rubuta masa: "Ranka ya daɗe, ka san sunanka yana nan?" Muna tsokanarka, muna cewa Baba aikin ɗan sanda ya dace da kai. Da haka ka ceci ƙawata: editan da aka liƙa sunansa, ashe ya shekara shida da rasuwa.

Ranar Litinin na kawo maka tawa. Cikin kwana tara wata mujalla ta karɓi maƙalata kan ƙafewar tafkuna, kuma sai an buga ta zan kammala digiri. Ka ce, "'Yata, kwana tara ko taswirar farko ba a gama dubawa ba. Kar ki sa hannu sai na tambaya." Kwana ya ƙare ba ka tambaya ba.

Ni na rubuta wa wani farfesa da ke jerin editocin mujallar, da kalmominka. Ɗazu amsa ta zo. Farfesan ya ce ya san da sunansa, amma shekara huɗu ba a turo masa maƙala ko ɗaya ba. To Baba, wannan e ce ko a'a? Na rasa gane kanta. Na buga ta a takarda, na hau bene da sauri, sai da na kama marfin ƙofarka na tuna. Gobe wa'adin da mujallar ta ba ni na sa hannu zai cika. In na ƙi, shekara guda ta tafi. In na sa hannu kuma bogi ce, aikin shekara uku ya bi ruwa. Tsoro nake ji, kuma ban san wa zan tambaya ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Mama da 'ya'yanka, Allah ya ba su haƙurin rashi. Mu kuma da ka bari riƙe da takardu a bakin ƙofa, Allah ya nuna mana gaskiya, ya ba mu ikon bin ta.