Ƙugiyar Tarago Ta Tsare Ni a Ƙasar Ƙanƙara

Doha

Ana kiran assalatu na bar gidanmu da ke unguwar Bin Omran, hankalina a rabe. Matata Hadiza ta shiga watan haihuwa, ga kamfani ya tura ni Kazakistan in duba ƙugiyoyin ƙarfen da ke haɗa taragun jirgin ƙasa, waɗanda ke ta karyewa cikin sanyi. Maƙwabciyarmu Sista Rahila, nas 'yar Jos, ta raka ni bakin tasi.

"Yalla, Injiniya, maza tafi. Ina nan tare da ita."

Astana

Da jirginmu ya sauka, iska ta fyaɗe ni kamar bulala. Na sha shayi a tsaye, na shiga motar kamfani. Wuni guda muna tafiya, ba gida ba bishiya, sai ƙanƙara fara fat. Ko'ina muka tsaya wayata nake dubawa.

Tashar ma'adinai

Wani jirgin ƙasa na nan tsaye, an cika shi da tama, ba a hango ƙarshensa. Irin wannan sanyi kan mai da ƙarfe kamar tangaran: kan jirgi na fizga sai ƙugiya ta tsinke. Ina cikin dubawa saƙon Rahila ya shigo, naƙuda ta fara. Ga ƙanƙara ta rufe hanyar mota. Shugaban tashar ya ce, "Wannan jirgi kaɗai zai fita yau. Ka amince ya tashi, ka zauna kusa da direba."

Na kusa gamawa na hangi tsaga siririya kamar gashi a wuyan wata ƙugiya. Na goge ta da safar hannu ko za ta ɓace. Tana nan. Gaba kuwa akwai gangare, da ƙauye a ƙasansa.

"Ba zai tashi ba," na ce masa.

Sai da muka kwana biyu aka kawo sabuwa. Abinci bai shiga ba, na yi ta safa da marwa tsakanin ɗaki da layin dogo. Da aka ɗaura ta, jirgin nan na bi na fito.

Doha

Na tarar da Hadiza a gida, ta rame, jaririya a cinyarta. An yi mata aiki, na kuwa ji ne a bakinta, don ta hana a gaya mini.

"Da ka sani, da ka bar jirgin nan ya tashi a ranar?" ta tambaye ni.

Na karɓi yarinyar, na yi wa Allah godiya.