Igiyar Kawu Ilu

Ku da kuka zauna da Kawu Ilu a unguwar Nakkasa ta Makka kun san bai taɓa fita babu igiya a kugunsa ba. Buta a ɗaure, ƙofa a ɗaure, har takalma sai ya ƙulle su kafin ya shiga Harami. Wai shi wanda ya shekara tara yana ɗaure kayan raƙuma tsakanin Cadi da Sudan. "Ƙarfe munafuki ne," in ji shi, "ba ya sallama in zai karye. Igiya kuwa sai ta yi kuka." Har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci!

Inna, mahaifiyata kuma yayarsa, ta shekara shida a hanya don ta sauke farali, ta iso Makka ƙafafu a mace. Duk wanda ya gan ta ya san ba za ta ga wani Hajjin ba. Sai wani kamfanin gina hanya a Jidda ya bar wa Kawu tsohuwar tirela, ɗaki sukutum mai taya, har da gado. Muka ce a ciki za mu kai ta Arfa.

Na tayar da wanet ɗina, 'yar motar kayan nan, muka je ɗaukowa. Ina ja da baya yana zuba min tsawa.

"Shuwayya, a hankali, Habu! Tsaya! Koma! Wane makaho ne ya koya maka tuƙi?"

Sau goma sha ɗaya, jama'a! Da ƙyar bakin tirelar ya hau ƙugiya, na zura ƙusa, na ce, "Halas, an gama."

"Halas ɗin me?" Ya kwance igiya ya shige ƙarƙashi. Awa guda yana ƙulli, ranar Jidda tana gasa ni.

Ranar Arfa kuma mutumin nan ya warware komai ya sake daga farko, wai igiya ta kwana ta saki jiki. Motoci duk sun wuce, hantsi ya yi, Inna na ciki tana ta Labbaika. Wanda Arfa ta wuce shi kuwa ba shi da Hajji. Na manta da ladabi.

"Kawu, in ta rasa Arfa, wallahi ban yafe maka ba!"

Ko kai bai ɗago ba. "Yau ka san ta? Ni na sha nonon da ta bari."

Mun wuce Mina, a wani ɗan hawa, sai ƙau! Ƙusata ta karye. Tirela ta yi baya da uwata a ciki, ga bas cike da alhazai a bayanmu. Igiya ta miƙe, ta yi kuka ƙiii, ta riƙe.

Na fito a guje. Kuna tsammanin yayarsa ya leƙa? Ina! Igiya ya duƙa yana shafawa.

"Dubi yadda ka cinye min ita da tuƙin banza!"

Inna ta yi Arfarta, wata biyu bayan nan ta cika. Shi kuma shekara huɗu yana min gorin igiyar, ban taɓa ce masa na gode ba, don haushi.

Da ya rasu ni na ɗaure masa likkafani, da irin ƙullinsa. A kabari aka ce in kwance ƙullin. Na kwance, na tsaya ina jiran tsawa. Shiru.

Allah Ya jiƙan Kawu Ilu. Ya Ubangiji, yadda ya riƙe min uwa ranar nan, Ka riƙe shi, kada Ka sake shi.