Binnen da mijina ya yi

A shekarar fari ta biyu, zamanin soja, wani Bature ɗan Italiya ya zo ƙauyenmu a arewacin Mayahi da irin hatsi na taimako. Ni aka kira in yi tafinta, don na ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, ina jin Faransancin da yake yi.

A jikin motarsa akwai wata doguwar kalma, cerealicoltura. Mijina, wanda tari ya riga ya kama, ya ce in tambayi ma'anarta. Baturen ya ce noman hatsi ke nan da harshensu. Farkonta sunan wata aljana ce da mutanen dā suka bauta wa don amfanin gona, ƙarshenta kuma daga tsohuwar kalma ce mai nufin kula da ƙasa.

Mijina ya yi dariya har tarin ya tashi. "Ashe su ma sun yi Uwar Gona, kamar kakanninmu! Tambaye shi, tasu tana kawo ruwa?"

Baturen ya ce su ma sun daɗe da barinta. Sannan ya roƙe mu kada mu yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. In yayyafi ya taɓa irin, zai tsiro ya ƙone, kuma babu wani irin a bayansa.

Na faɗa wa mijina daidai yadda na ji. A gida na sake faɗa.

"Maigida, mu jira ruwa."

"Ke za ki jira," ya ce. "Ni ban san ko ƙafata za ta kai ba. Wa zai sara miki rami ranar da kowa ke gonarsa?"

Ya yi saran a hankali, yana hutawa a kan sungumi, ina biye ina zuba iri ina takewa. Ko ƙwara ba mu rage ba.

Allah ya yi masa rasuwa kafin hadarin farko. Ina cikin takaba yayyafi ya sauka, ɗan kaɗan, wanda ake tsoro. Ban iya fita ba. Na aiki ƙanwata ta tona rami guda, ta kawo mini ƙwayoyin a tafin hannu, sun kumbura. Kullum ina tsakar gida ina duban gabas.

Ruwan kirki ya zo a makare. Gefen gonar da ke kan tudu ya ƙone. Shukan da ke cikin kwari ya tashi, shi muka ci har rani.