Hannun Likita da Kamanjata

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina tashen kiɗan biki a Jidda, na ɗauko wa kaina wani aiki da ya kusa fin ƙarfina. Ni haifaffen unguwar Ammariyya ne a nan Jidda, kakana da ƙafa ya zo hajji bai koma ba. Sana'ata kiɗan kamanja, wadda mahaifiyata har yau "gogen nan naka" take ce mata. Da kunne na koya, a bayan mawaƙa. Rubutun kiɗa kuwa, in ka ba ni takardar zan iya riƙe ta a juye ban sani ba.

A wani biki a unguwar Waziriyya wani dattijo ya tare ni, ya yi mini Hausa tatacciya irin ta Najeriya, har na ji kunyar tawa mai gauraye da Larabci. Likita ne, mutumin Zariya, ya daɗe yana aiki a wani asibiti a nan. Ya ce in daure in zo gidansa da kamanjar.

Na je, na tarar da fiyano a falo. Ya ce a Turai ya yi karatu, can ya koyi kaɗa shi. Akwai wani kiɗa, sonata suke ce masa, da aka rubuta wa mutum biyu, mai fiyano da mai kamanja. Shi da wani abokin karatunsa suke yi. Tun da suka rabu, rabinsa kawai yake kaɗawa, in ya zo wurin kamanja sai ya yi ta da hanci. Sai ya ɗago hannunsa na dama ya nuna mini. Hannun yana rawa shi kaɗai.

Ya ce, "Ni likita ne, na san sunan ciwon nan, na kuma san ba ya komawa baya. Na ajiye aiki, iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, ta kusa ƙarewa, gida za ni. So nake in kaɗa kiɗan nan cikakke sau ɗaya, daga farko har ƙarshe, kafin hannun ya ƙi ni."

Tausayi ya kama ni, ga kuma fankama irin ta makaɗin da aka saba tafa wa. Na ce, "Halas, an gama, Dakta, wannan ai aikin sati ne." Baki shi ke yanka wuya.

Tashin farko ya ce in sake ɗaurin tsirkiyoyi biyu, don ɗaurin Larabawa daban, na Turawa daban. Ina sakewa yatsuna suka zama baƙi a gidansu. Inda na saba takawa ba nan sautin yake ba. Sannan mu a kiɗan Hijaz muna da sautukan da ke tsakanin sautuka, fiyano ba shi da su, yatsana kuma can yake son sauka. Likita ya yamutsa fuska kamar ya tauna tsamiya, ya ce, "Ɗaga kaɗan. A'a, ka wuce. Dawo."

Amma babban faɗanmu a kan shiru ne. A biki, in mawaƙi ya tsaya shan numfashi, aikin mai kamanja ne ya cike gurbin, ba a barin fili. Abin ya shiga jinina. Da na ji likita ya sassauta sai in zuba masa ado, in lanƙwasa sauti in murɗa shi. Sai ya ɗauke hannu ya juyo.

"Malam, wa ya aike ka?"

"Dakta, wurin ya yi shiru."

"Shirun ma rubuta shi aka yi."

Na ce, "Ya shekh! Mutum da hankalinsa ya zauna ya rubuta shiru?"

Ya yi dariya har da tari, amma bai sassauta mini ba.

Sati ya wuce, wata ya wuce. Ya sa mini kiɗan a waya, na riƙa haddace shi gaɓa-gaɓa. Mahaifiyata ta ce in fitar mata da kukan kyanwar nan daga gida, sai na koma sito na wani abokina a unguwar Khumra, tsakanin buhunan shinkafa, zufa na bin gwiwar hannuna. Abokan kiɗana suka sa ni gaba da tsiya, wai na zama Bature baƙi. Ban kula su ba. Abin da ke damuna shi ne, ina ƙara gwanancewa, hannun likita yana ƙara lalacewa. Wata rana ya miƙo mini shayi, rabi ya zube a faranti kafin ya iso gare ni.

A ranar ya rufe fiyanon ya ce, "Ɗan'uwa, mu haƙura. Na ɗora maka nauyi, ni kuma ga yadda nake."

Raina ya ɓaci, wallahi. Na ce, "Dakta, da girmanka, amma ba a fara tafiya da ni a juya a tsakiya. Na bar biki, na sha zafin Khumra, an kore ni daga gidan uwata, yanzu ka ce mu haƙura? Buɗe abin nan, yalla, daga farko."

Ya dube ni, sannan ya buɗe.

Muka sa ranar wata Juma'a bayan la'asar, ana jibi zai tashi. Falon duk kwalaye ne a ɗaure, fiyanon ma washegari za a zo a ɗauka. Masu sauraro matarsa ce da mahaifiyata, wadda ta ce ta zo ta ga abin da ya hana ta barcin rana.

Kashin farko ya tafi lafiya. Na tsaya inda aka ce in tsaya, na haɗiye adona kamar magani. Sai muka shiga kashi na tsakiya, mai sanyi, inda fiyano ke rera waƙar da hannun dama, ni kuma an rubuta mini shiru mai tsawo. Na sauke kamanjar kaɗan ina jira. Nan hannun ya ƙi. Ya tsaya a sama yana karkarwa, ya kasa sauka. Na hagun kawai ke tafiya, yana maimaita abu ɗaya. Na ga wuyan likita ya sunkuya, na ga matarsa ta rufe baki da mayafi. In ya tsaya a nan, shi ke nan, babu wata Juma'ar.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗaga kamanjar na ɗauki waƙar tasa daga inda ta faɗi, don na ji ta har ta zauna mini a kai. Ban yi mata ado ko ɗaya ba, yadda yake kaɗa ta haka na kaɗa, a hankali, idona a kan hannunsa. Ya ja numfashi, ya matse hannun a cinya, ya sake ɗagawa. Da ya sauka daidai sai na janye na bar masa kayansa. Haka muka kai ƙarshe tare.

Falon ya yi tsit. Likita ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu, ya ce, "Wannan ba ya cikin takarda."

Na ce, "Na sani, Dakta. Mu a biki, in muryar mawaƙi ta sarƙe, ba a barinsa shi kaɗai a fili."

A mota mahaifiyata ta ce, "Ashe gogen nan naka yana da rana." Daga bakinta wannan lambar yabo ce.

Na koma bukukuwana, amma ban koma yadda nake ba. Shi ya koya mini yin shiru in saurari abokin kiɗa, kuma sai da na iya shirun sannan na gane lokacin da ya kamata a karya shi. Yanzu yana Zariya, hannun ya daina kaɗa komai, ko cokali sai an taimaka masa. Har yau ina kewarsa. In na kira, matarsa ce ke kara masa wayar a kunne, kuma ko sallama ba ya bari in gama.

"Malam, wa ya aike ka?"

Sai in ce, "Dakta, wurin ya yi shiru."