Yawon Marasa Mashinshini

Mu uku ne, ƙawaye, muka kafa yawon marasa mashinshini, kuma haushi ne ya sa muka kafa shi. Lokacin muna 'yan mata ne ranar masoya ta fara shigowa Katsina ta waya da talabijin. Malamai na wa'azi a kanta a rediyo, samari na sayen turare a ɓoye, 'yan matan unguwarmu kuma na wucewa da 'yan ledoji masu jan zare suna ɗaga mana hanci. Mu kuwa ko mai rake bai taɓa tsayawa a ƙofar gidanmu da wata manufa ba. Ni an ce bakina ya yi kaifi, kuma ban musa ba. Babbarmu, wadda daga baya ta zama nas, an ce ta cika haɗe rai. Autarmu kyakkyawa ce ta gaske, amma in namiji ya yi mata sallama sai ta ruga cikin gida kamar an biyo ta da sanda.

Sai muka ce to, tunda babu mai fitar da mu, mu fitar da kanmu. Duk shekara in makon ya zo, sai mu ci ado mu fita bayan la'asar: yau wajen mai tsire, gobe wajen mai hoto, jibi mu zauna shan fura mai sanyi muna yi wa masoyan gari dariya. Kowa ta saya wa 'yar'uwarta ɗan abu, ko da man leɓe ne.

Aure ya zo ya same mu ɗaya bayan ɗaya, amma bai kashe yawon ba. Nawa mijin cewa yake mu dai dawo kafin magariba. Mijin autarmu kuwa shi ya ɗauki abin da muhimmanci fiye da mu. Dogon mutum ne, mai yawan dariya, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗaki. Shi ke kwasar mu a tsohuwar motarsa mai giyar hannu, ya ajiye mu yana cewa, "Marasa mashinshini, a sauka lafiya." Ya koya wa matarsa tuƙi a hanyar Batagarawa ranakun Asabar, ta kuma iya sosai, sai dai ba ta taɓa tada motar ba in ba ya zaune a gefenta.

Ya rasu damina na shirin ɗaukewa, bayan gajeriyar jinya.

Autarmu ta shiga takaba a gidansu na Kambarawa, mahaifiyarta, Inna, ta zo daga Batagarawa ta zauna da ita. Ranar da ta fita takaba mun je, aka yi sadakar waina, muka sa mata lalle, muka ɗaura mata sabuwar atamfa. Mun ɗauka shi ke nan. Ashe takaba ce kawai ta ƙare, zaman ɗaki bai ƙare ba. Mako ya wuce, wani ya bi shi, ko zaure ba ta leƙa ba. Shagonta na turaren wuta da humra yana nan a kulle. 'Ya'yanta biyu maƙwabciya ke haɗawa da nata ta kai makaranta. In mun je sai mu tarar da ita a bakin gado tana kallon tafin hannunta, mu yi ta surutu, ita kuma ta bi mu da "to" da "haka ne".

Daga ƙarshe Inna ta gaji, ta yanke shawara da wan marigayi: za a koma da ita da yaran Batagarawa, a sa 'yan haya a gidan, a sayar da motar. Batagarawa ba nisa gare ta ba, kowa ya sani. Amma na san abin da komawar take nufi. Mace da ta kusa arba'in, mai gidanta da sana'arta, za ta koma ƙuryar ɗakin uwarta ta zauna, kuma wadda ta kasa fita daga ɗakin kanta ba za ta fita daga na uwarta ba. Abin ya tsaya mani a rai. An sa ranar tafiya, ta faɗo washegarin ranar masoya.

Ranar masoyan muka je ni da nas bayan la'asar, cikin adonmu na kowace shekara. Tsakar gida cike da akwatuna da buhunan kaya, Inna na zaune a tabarma tana ɗaure tukwane. Muka durƙusa.

"Inna, ina wuni? Ya gida, ya yara? Ya ƙarin haƙuri?"

"Lahiya lau, ɗiyana. Mun gode Allah. Ya mazan naku?" Ta dube mu sama da ƙasa. "Wanga ado hwa? Halan yawon nan ne na ranar da malamai ke hanawa?"

Na ce, "Inna, malamai da masoya suke. Dube mu da kyau, wa ya ce yana son mu? Tsire kawai za mu ci mu dawo."

Ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya, sannan ta yi ajiyar zuciya. "Ku tahi da ita in ta yarda. Ni na yi na gaji."

Autarmu ba ta yarda da sauƙi ba. Nas ta bi ta da lallashi, ni na bi ta da masifa, babu wanda ya ci. Sai da na ce mata gobe za ta bar garin, ko ba komai ta zo ta yi bankwana da mu yadda muka saba, sannan ta miƙe a hankali ta zura hijabi. Nas ta ce bari ta tsayar da kurkura, keken nan mai ƙafa uku. Ni kuwa idona ya riga ya faɗa kan motar, tana rumfa an lulluɓe ta da tampol. Wan marigayi kan zo lokaci-lokaci ya tada ta a tsaye don kada batir ya mutu.

Na ce, "Wace kurkura? Motar da ta saba kai mu ita za ta kai mu. Ita ma ta yi bankwana."

Nas ta ce, "Wa zai tuƙa?"

Na ce ni mana. Shekara biyu ina jan motar mijina, kuma ban ga abin da giyar hannu za ta fi ta ba in ban da feda guda. Motar mijina mai canza giya da kanta ce, wannan kuwa ban tsaya na faɗa ba.

Autarmu ta daɗe tana kallon tampol ɗin. Ta koma ɗaki ta fito da makulli, ta riƙe shi a hannu ba ta sake ba. "Sharaɗi ɗaya," in ji ta. "Kada a taɓa mashi kujera. Yadda ya bar ta, haka za ta zauna."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Sai da na shiga na gane abin da na amsa. Ni guntuwa ce, ko a makarantar da nake koyarwa wasu 'yan aji shida sun fi ni tsawo. Kujerar nan kuwa an tura ta can baya daidai ƙafafun dogon mutum. Na zauna a bakin-bakinta, nas ta cusa mani jakarta a baya, na miƙe ƙafa har cinyata na rawa, da ƙyar babban yatsana ke taɓa kuloci. Madubi ma a tsawonsa yake, rufin mota kawai nake gani a ciki.

Mun fita daga gida da tsalle uku. Duk lokacin da na nemi canza giya, kuloci bai gama shiga ba, sai motar ta yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a injin markaɗe. Nas na gefena tana salati. Autarmu na baya, ba na ganin ta, amma a ƙara ta farko na ji ta ja numfashi. A ta biyu na ji tsaki. Wata biyar ban ji ta yi tsaki ba, kuma wallahi ko a cikin wannan zufar da nake yi sai da na ji daɗinsa.

"A hankali," ta ce daga baya. "Ba a yi mata haka."

Na ce, "Ni ke tuƙi ko ke?"

Haka muka rarrafa har mahadar Ƙofar Sauri. Yammacin ranar masoya ne, hanya ta cika. Samari a kan babura sun sha jajayen riguna, masu kurkura na kutsawa ta ko'ina, wani na tallar furannin roba a tsakiyar titi. Daidai tsakiyar mahadar motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Na tada, ta mutu. Na sake tadawa, na tura giya da ƙarfin tsiya, ta yi kukan da har mai furanni ya toshe kunne, ta sake mutuwa. Hon ya tashi ta gaba da baya. Sai wani yaro a kan babur, gashinsa a murɗe, ya leƙo ta taga yana dariya.

"Hajiya, in ba ku iyawa ku kira Alhaji mana ya zo ya ɗauki motarshi!"

Nas ta daina salati. Na buɗe baki zan wanke yaron, sai na ji ƙofar baya ta buɗe. Kafin in waiwaya autarmu na tsaye a tagata, idonta jajur.

"Sauka," ta ce. "Sauka mani daga motar miji. Kin kashe mashi giya."

Ban taɓa jin daɗin kora irin ta ranar ba. Na fito da sauri har takalmina ɗaya ya tsaya a ciki. Ta shiga ta zauna. Ita ma ba doguwa ba ce, na ga ta miƙa ƙafa, ƙafar ba ta kai ba. Da can shi ke ja mata kujerar in za ta karɓi tuƙi, in sun dawo ya mayar. Ta ɗora hannu biyu a kan sitiyari ta sunkuyar da kai, ta tsaya haka.

Hon ya ƙaru. Wani mai kurkura ya fara buga bayan motar da tafin hannu. Ni kuwa abin da Allah ya ba ni shi ne baki, sai na tsaya a tsakiyar titi da takalmi ɗaya na buɗe shi. Na ce wa mai kurkura in ya sake taɓa motar nan sai ya gane gidan da na fito. Na ce wa yaron babur ya je ya aske kansa kafin ya koya wa iyayensa magana. Sauran kuma na ce duk mai gaggawa ya yi fiffike ya bi ta sama. Mutane suka bar hon suka koma kallona, abin da nake so ke nan.

Ina cikin haka na ji ƙarar ƙarfe a bayana, gajeriya, ƙaras. Na juya. Ta zura hannu ƙarƙashin kujerar ta ja ta gaba. Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba. Ta ɗaga hannu ta sauko da madubi daidai idonta, ta yi bismilla, ta murɗa makulli. Motar ta tashi lafiya lau, ta shiga giya babu ko tari, ta fara tafiya sumul. Sai da na bi ta da gudu ina ɗingishi na faɗa kujerar baya. Nas, mai haɗe rai, wadda ko a bikinta ba ta yi dariyar kirki ba, ta fitar da kai ta taga ta rangaɗa guɗa a tsakiyar Ƙofar Sauri.

Mun ci tsire ranar. Mai tsiren ya san mu shekara da shekaru, da ya ga wadda ta fito daga mazaunin direba sai ya ƙara mana ƙuli da albasa. Autarmu ta ci tana kuka, ta ci tana dariya, ta yi ta kwaikwayon yadda na miƙe ƙafa har sai da nas ta ƙware. Na bar ta ta ci mutuncina son ranta. A hanyar dawowa ba ta bi hanyar gida kai tsaye ba, ta zaga ta gaban shagonta ta tsaya. Ta daɗe tana kallon kwaɗon da ke ƙofar, sannan ta ce humrar da ta bari a ciki yanzu ta tsumu, za ta yi ƙamshi.

Mun shiga gida ana shirin kiran magariba. Inna na nan a tabarma cikin akwatuna. Da ta ji mota ta ɗago, tana tsammanin ganina a gaba. Ta ga wadda ke riƙe da sitiyari, igiyar da take ɗaure tukwane da ita ta zame daga hannunta. Autarmu ta shigar da motar rumfa, ta kashe, ta fito. Nas ta ɗauko tampol za ta rufe, ta ce a bar shi. Ta je gaban uwarta ta durƙusa.

"Inna, a kwance kayan nan. Naki kawai za a bari a ɗaure."

Inna ta ce, "To tahiyar gobe hwa?"

"Tana nan. Ni zan kai ki Batagarawa da kaina, in dawo in ɗauko yara daga makaranta."

Washegari kuwa haka aka yi, kuma shi ne yawonmu na biyu a makon. Ni da nas mun nemi izini a wajen aiki, muna baya da ƙullin kayan Inna a cinya. Inna na gaba ta riƙe ƙofa gam, tana addu'a duk lokacin da babbar mota ta wuce. Da muka fita gari, a kan hanyar da marigayi ya koya mata tuƙi, sai tsohuwar ta saki ƙofar. Ta juya ta daɗe tana kallon 'yarta, ta kalli kujerar da aka ja gaba, ta kai bakin mayafi ta share ido.

"Ƙara wuta kaɗan, ɗiyata," ta ce. "Kada yara su tashi ba ki koma gidanki ba."