Kawu Munzali, ba ka kai ni gonar ba

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Laraba 14 ga Mayu ina wanke tukwane a gidan abincin da ka samo min aiki a unguwar Sri Petaling, aka ce ka rasu a asibiti. Ciwon ƙirji, wai.

Kawu, kai ka ɗauko ni daga filin jirgi ban san ko sunan titi ɗaya ba. Kai ka koya min hawa LRT, jirgin ƙasan cikin gari. Duk Juma'a sai ka yo min tapau, wato ƙunshin abinci, daga unguwar Masjid India, ka ce in ci, na rame. Ban manta ba.

Amma akwai abin da ke cina, gara in faɗa.

Surukinka Pak Najib, mutumin ƙasar nan, yana da gonar ayaba da rogo a bayan gari, aladen daji suna tone masa ita. Shi ke da bindiga da takardarta, amma kai yake tambaya wane harsashi zai saya, don gidanku gidan mafarauta ne. Ni ma babana mafarauci ne, ka sani. Sai ga shi Adnan kake ɗauka zuwa gonar, wani ɗalibi da ke karatu a unguwar Bukit Jalil, wanda ko ɓera bai taɓa kashewa ba.

Sau ɗaya na ji darasin da kake yi masa, a falonka. Ka nuna wa Adnan hotuna a waya, ka ce harsashi mai ƙananan ƙwayoyi na tsuntsu ne, a jikin alade fata kawai zai fasa, ya tafi da ciwo yana neman wanda zai yaga. Ka ce sai mai ƙwaya ɗaya mai nauyi, a bayan kafaɗa. Na sa baki na ce, tunda ba ci muke ba, maƙwabtan gonar ma ake kira su ɗauke, mene ne na zaɓe? Ka ce, "Hussaini, haram ne a tukunya, amma Allah bai ce a azabtar da shi ba." Ka juya ka ci gaba da Adnan. Shi kuwa sai "yes sir" yake yi.

Duk Asabar ɗin da kuka tafi, ina tsaye a ƙofar kicin ina kallon motar. In na roƙa sai ka ce da yaren nan, "Boleh," wato ba laifi, "wani satin."

A gidan makoki matarka ta kalle ni ta yi magana mai tsawo da yarensu tana kuka. Ban ji ko ɗaya ba. Adnan ne ya fassara, don shi yana jin yaren. Wai ta ce ka yi wa innata alƙawari ba zan kusanci bindiga ba, tunda bindigar ce ta raba babana da idonsa. Kawu, haka ta faɗa, ko Adnan ne ya gyara don ya lallashe ni? Na kira inna jiya, da na ambaci sunanka kuka ya hana ta magana, ni ma na kasa tambaya.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa aljanna makomarka. Allah ya ba matarka da Hanan 'yarka da Pak Najib haƙuri. Adnan ma Allah ya ba shi haƙuri. Na yi masa gaisuwa, ka dai san da ƙyar ne.